Ranar da Baba Bulus Ya Yi Naƙuda a Lasifikata

Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin lasifika shi ne a jona waya a danna maɓalli. Jiya ina zaune a ƙofar shago na ji ɗayanku yana cewa ko akuya aka ba akwatin nan mai caji za ta iya yi wa biki sauti. To ku jawo benci, tunda yau babu aiki, in gaya muku yadda ni Sabo na samu sunan Sabo Lasifika a Agege.

A Ebute Metta na koya, wajen wani Bayarabe mai gyaran rediyo da muke kira Baba Rediyo. Aikin farko da ya ba ni shi ne naɗe waya. Na daɗe ban taɓa komai ba sai waya. In na naɗe ya warware ya ga ta murɗe, sai ya jefar a ƙasa ya ce in sake. Daga nan aka koma hawa turke da hon a kafaɗa, wato lasifikar nan mai faɗin baki. Ya koya min in duba inda iska take kaɗawa kafin in ɗaura, kuma kada bakin hon ya kalli makirufo, in ba haka ba na'ura za ta yi ta kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. In an fara taro sai ya tura ni ƙarshen layi in tsaya in saurara, in dawo in faɗa masa kalmar da na ji da wadda ta ɓace a hanya. Wanda yake magana ba ya sanin abin da ke isa kunnen na baya, kai mai na'ura kai ne za ka sani.

Da na gama koyo na samu 'yanci na dawo Agege da amfilifaya ɗaya mai zafi kamar murhu, da hon biyu, da ƙaramin janareta, da ƙarfen narka dalma, da filaya da salatif. Makirufo kuwa guda ɗaya tak gare ni. Shi nake kai wa masallaci tafsirin azumi, shi nake kai wa cocin mutanen Kudancin Kaduna ranar Lahadi, shi ne na taron mahauta a abbatuwa, shi ne na suna da biki. Wata rana wani dattijo ya riƙe shi da yatsa biyu ya tambaye ni ko ya taɓa shiga coci. Daga ranar na sayi soso biyu na rufe kansa, kore da ja. In za ni masallaci in sa kore, in za ni coci in sa ja. Kowa ya ɗauka nasa daban ne, aka zauna lafiya.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, kasuwarmu ta buɗe. Ɗan siyasa ko gaisuwar mutuwa zai je sai ya nemi lasifika. Ana cikin haka jihohin Arewa suka fara ƙaddamar da shari'a. Labari yana zuwa mana ta rediyo da bakin direbobin da ke kawo tumatir kasuwar Mile 12. Wasu dattawanmu a nan, da suke zaune tsakiyar Yarabawa, ga gidan giya a dama ga mai sayar da kaset a hagu, sai suka ji su ma bai kamata a bar su a baya ba. Suka kafa kwamiti, Malam Tanimu ne shugaba. Shi ba malamin karatu ba ne, goro yake sayarwa, amma yana da gemu mai kyau da murya mai sanyi. Sun je wa Liman ya shiga, ya ce shi limamin salla ne, ba na kwamiti ba.

A shekarar dubu biyu da biyu aka zo fid da ɗan takarar kansila. Manyan jam'iyya suka ce mazaɓarmu an bar wa 'yan Arewa, mu kawo mutum ɗaya. Mutum uku suka fito. Akwai Alhaji Garba mai fata, surukin Malam Tanimu. Akwai Hajiya Kande, dillaliyar albasa a Mile 12, haifaffiyar Agege, mijinta ya rasu, tana Yarabanci kamar ba ta san wani yare ba. Sai Baba Bulus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin Kudancin Kaduna, wanda duk lokacin da aka kama yaranmu shi ake tasowa ya je ofishin 'yan sanda da Turancinsa. Abin da ke damun kowa a lokacin lambatu ne. Babban lambatun unguwa ya toshe, da an yi ruwa sai ya shigo ɗakuna, ya tafi da tabarmi da tukwane, wani lokacin har da awaki.

Da Baba Bulus kwamiti suka fara. Suka ce masa kansila shi zai riƙa buɗe taron dattawa da addu'a, kuma taron a harabar masallaci ake yi, saboda haka ya yi haƙuri.

Ya ce, “Malam, lokacin da aka yi rikici aka ƙona min shago, waɗanda suka ƙona ba su tambaye ni coci nake zuwa ko masallaci ba. Hausa kawai suka ji a bakina.”

Malam Tanimu ya ce, “Ai ba mu ce kai ba ɗan Arewa ba ne, Bulus. Ɗan Arewa ne kai sosai. Kujerar ce dai.”

Mutanensa suka ba shi baki kada a ja wata fitina, ya janye. Hajiya Kande kuwa da aka aika mata ta janye, ta ce wa ɗan aiken ya gaishe su. Ba su iya cire ta ba, domin shugabar matan jam'iyya ƙawarta ce tun suna 'yan mata.

Nan aka kira ni gaban kwamiti a shagon goron Malam Tanimu, aka ce in zo da na'ura. Tambayar da suka yi min ita ce: in muryar mace ta shiga amfilifaya ta fito ta hon, muryarta ce ko ta na'ura? Na ce Allah gafarta Malam, tata ce, ƙarfi kawai take ƙarawa. Wani ya ce ba akwai wani maɓalli da ke kaurara murya ba? In aka murɗa shi ai ta zama ta namiji, shi ke nan an huta. Na sa kaset ɗin wata mawaƙiya, na murɗa maɓallin har ƙarshe. Abin da ya fito kamar saniya ta faɗa rijiya. Suka saurara da kyau, suka yi shawara, suka ce har yanzu da sauran mace a ciki.

Hukuncin da suka yanke biyu ne. Muryar Hajiya ba za ta shiga lasifika ba, sai dai ta nemo namiji ta riƙa faɗa masa a hankali yana maimaitawa. Kuma tunda zaɓen na bin layi ne, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, to namiji ba zai tsaya bayan mace ba. Mazan da suke son ta su yi layi bayan wakilinta.

Ta nemi wakili ta rasa. 'Ya'yanta maza suna Kano, ƙannen mijinta kuwa duk da Alhaji Garba suke harkar fata. Wannan ya ce maƙogwaro, wancan ya ce tafiya ta kama shi. Baba Bulus ne ya je har gida ya ce shi yanzu ba shi da aikin yi, kuma shi ne mai kaurin murya a mawaƙan cocinsu. Kwamiti suka duba, suka ga tunda ba maganarsa zai yi ba, babu laifi.

Ranar zaɓen, a filin wata makarantar firamare, tun da hantsi na kafa kaya. Hon ɗaya na ɗaura a bishiyar mangwaro yana kallon masu dako da mahauta, ɗaya a turken ƙwallo yana kallon ɓangaren mata. Janareta na kai shi bayan aji saboda ƙara, na binne waya a ƙasa kada a yi tuntuɓe. Jam'iyya ta turo sakatarenta, wani Bayarabe mai ƙaton tumbi da yake jin Hausa kaɗan-kaɗan. Aka ba shi kujera a inuwa, kafin a fara har ya soma gyangyaɗi.

Alhaji Garba ne ya fara. Irin mutanen nan ne masu cusa makirufo cikin baki, su hura, su buga shi da yatsa. Ya ce in ya zama kansila zai rufe gidajen giya daga nan har Ojota, zai raba danfo, motar hayar nan, na maza daban na mata daban, zai sa a riƙa yanke hannun ɓarawo a mazaɓa. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, “Alhaji, lambatu fa?” Ya ce ruwa na Allah ne, ba a jayayya da shi. Yaransa suka yi kabbara.

Aka zo kan Hajiya. Aka ajiye mata benci a bayan Baba Bulus, shi kuma ya tsaya da kwat ɗinsa ta jirgin ƙasa da furfurarsa. Na cire koren soso na sa ja, a gaban jama'a, ban yi tunanin komai ba. Hajiya ta yi magana ƙasa-ƙasa, ya sunkuya ya ji, ya buɗe baki ya ce, “Bismil...”

Malam Tanimu ya yi tsalle. “Tsaya! Bulus ba zai yi bisimilla a lasifika ba.”

Hajiya ta ce, “To ni in fara magana ba bisimilla?”

Aka tsaya aka yi shawara a tsaye. Aka ce duk inda sunan Allah ya fito a maganarta, ni Sabo in karɓa in faɗa, sauran kuma Bulus. Baba Bulus ya ce su ma fa a coci Allah suke cewa, ba su da wani suna. Aka ce a dai bi tsari.

Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi ne, ku gwada ku ƙirga sau nawa Bahaushiya take ambaton Allah in ranta ya ɓaci. In cire jan soso in sa kore in ce “Wallahi tallahi,” in cire kore in sa ja in miƙa, Baba Bulus ya ce “mun gaji da kwana a kan tebur.” In fizgo in canja in ce “In Allah ya yarda,” in canja in miƙa, ya ce “zan sa a haƙe lambatun nan har bakin titi.” Ga waya tana naɗe mana ƙafa, ga shi in muka matsa kusa da mangwaro na'ura ta yi kuka. Wata jimlar sai da makirufo ya je ya dawo ya sake komawa kafin a kai ƙarshenta. Gumi har cikin idona.

Sai Hajiya ta shiga ainihin maganarta. Kun san Hausar mutanen su Baba Bulus ba ta cika raba namiji da mace ba. Ta ce masa, “Ni mace ce.” Ya gyara tsayuwa, ya saki muryar nan tasa mai kama da ganga, hon biyu suka ɗauka:

“Ni mace ne!”

Fili ya ɗauki ihu. Shi ko gezau, aikin da aka ba shi yake yi. Ya sunkuya, ya ɗago.

“A lungun nan na haifi 'ya'yana duka. Ranar da naƙudar autana ta kama ni, ruwa ya kai gwiwa. Mai babur ɗin okada ya ƙi shigowa. A baro aka tura ni zuwa titi, ina riƙe da cikina.”

Ya kuwa dafa cikinsa da hannu ɗaya. Masu dako suna faɗuwa ƙasa don dariya, wani mahauci ya rungume mangwaro yana hawaye. Sakatare ya farka yana tambayar me ya faru. Amma ɓangaren mata ba wadda ta yi dariya. Da yawansu sun hau baron nan, kuma akwai wadda ta hau da ciki ta dawo hannu wofi.

Daidai nan janareta ya yi tari ya mutu. Man da na saya a bakin titi ashe an gauraya shi da kananzir. Na ruga bayan aji na buɗe, na cire fulogi na goge, ina ja yana ƙi. Ina durƙushe na ji muryar Hajiya, ba ta ƙasa-ƙasa ba.

“Malam Tanimu, hukuncin naku a kan lasifika ne ko a kan maƙogwarona?”

Ya dubi 'yan kwamiti, ya ce a gaskiya dai lasifika suka ambata.

Ta hau kan bencin. Matar da ta yi shekaru tana ciniki da direbobi a tsakiyar rurin manyan motoci a Mile 12, me za ta yi da hon ɗina? Ina bayan aji amma ko harafi ɗaya bai ɓace min ba. Daga baya masu shago a bakin layin dogo suka ce sun ji. Ta faɗi inda lambatun ya toshe, da gidan da aka gina a kansa, da ofishin da za a je a yi magana. Ta gama da Hausa ta juya Yarabanci, sakatare ya miƙe tsaye yana gyaɗa kai. Lokacin da janareta ya tashi, ta riga ta sauka tana gyara mayafi.

Aka ce a yi layi. Alhaji Garba ya tsaya, yaransa da 'yan kwamiti suka bi bayansa. Mata suka bi bayan Hajiya. Mazan da suke son ta, masu dako da mahauta da 'yan okada da mutanen coci, suka bi tsari, suka jeru bayan Baba Bulus har layin ya fita ƙofar makaranta ya lanƙwasa. Sakatare bai san da wani tsari ba. Ya ƙirga layi uku. Na Baba Bulus ya fi tsawo, na Hajiya na biye, na Alhaji ne ƙarshe. Ya kama hannun Baba Bulus ya ɗaga sama.

Malam Tanimu ya ce, “Oga, wannan bai tsaya ba!”

Sakatare ya dube shi sama da ƙasa. “Ga shi a tsaye.”

“Takara nake nufi. Layin nan na Hajiya ne.”

“To Hajiya ta ci.”

“A'a. Maza ba sa bin bayan mace. Bayan namiji suka bi.”

“To Bulus ya ci.”

“Bulus bai tsaya ba.”

Suka zaga wannan maganar har aka kira la'asar. Baba Bulus ya ce in layin nasa ne ya ba Hajiya kyauta. Aka ce ba nasa ba ne balle ya bayar. Hajiya ta ce in nata ne a ba ta kayanta. Aka ce ai ba bayanta suka tsaya ba. Sakatare ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin layin da ba shi da mai shi ba. Ya tare okada, ya ce duk ranar da muka gano wanda ya ci mu same shi a ofis.

Kwamiti suka kai sunan Alhaji Garba. Jam'iyya ta ce rigimarmu ta yi yawa, ta ba wani ɗan ƙanwar ciyaman ɗinta takarar, mutumin da ko hanyar unguwar bai sani ba. A ƙarshe ma zaɓen ƙananan hukumomin ba a yi shi a shekarar ba, riƙon ƙwarya aka naɗa. Damina ta zo ta shiga ɗakuna yadda ta saba, har shagon goron Malam Tanimu. Hajiya ta koma kan albasarta. Baba Bulus kuwa har ya bar duniya Mai Jego ake kiransa, in yara suka gaishe shi da ya jikin, sai ya ce da sauƙi, yaron ma ya yi wayo.

Ni shekarar ce mafi muni a sana'ata. 'Yan kwamiti suka ce da gangan na kashe janareta. Sannan kowa ya ga canjin soso da idonsa. Mutanen masallaci suka gane makirufon coci suke yi wa tafsiri, mutanen coci suka gane ashe ware musu soso nake yi kamar masu cuta. Duka biyun suka sallame ni. Azumin shekarar a tashar Ojota na yi shi, ina riƙe wa mai maganin basir hon.

Amma kafin su sallame ni sai da kwamiti suka ba ni aiki ɗaya, washegarin zaɓe. Suka ce jama'a sun ruɗe, a zaga unguwa a yi musu bayani. Na ɗaura hon a kan danfo da igiyar roba, na sa batirin mota a ƙarƙashin kujera, Malam Tanimu ya karanta min abin da zan faɗa har na haddace. Muka shiga lungu ina cewa:

“Jama'a, sanarwa daga kwamitin dattawa! An yi zaɓe lafiya. Wanda ya ci bai tsaya ba. Wadda ta tsaya ba ita aka bi ba. Wanda ba a bi ba shi ne ɗan takara. A zauna lafiya!”

Na so direba ya kauce wa layin su Hajiya, amma ɗaya hanyar ruwa ya cinye ta. Muna zuwa ƙofar gidanta ta fito ta ɗaga hannu, danfo ya tsaya.

“Sabo, sake faɗa in ji.”

Na sake, murya ƙasa-ƙasa.

“Haka Baba Rediyo ya koya maka? Na ƙarshen layi ba su ji ba. Ƙara.”

Ta buɗe ƙofar gaba ta shiga ta zauna kusa da direba. Ita ta riƙa nuna hanya, nan a yi dama, nan a yi hagu, har lungunan da ban san mota tana shiga ba. Ko kallon makirufo ba ta yi ba. In na gama sai ta ce sake. Mutane suna fitowa ƙofar gida, wasu suna dariya, wasu suna riƙe baki, yara suna bin mu suna maimaitawa kamar karatu. Daga ƙarshe ta sa aka tsaya daidai ƙofar shagon goro, bakin hon yana kallon ciki. Na faɗa, na sake, na kuma sakewa. Malam Tanimu ya fito da hula a karkace, hannu a kunne.

“Hajiya, don girman Allah a rage. Ai an ji.”

Ta leƙo ta taga. “Allah gafarta Malam, maganarku ce fa, ban ƙara ko wasali ba. Muryar kuma ta namiji ce.”

Ta juyo ta dube ni.

“Sabo, sake.”